Jirgin Ruwan da ke Tsare: Amana ko Ganima?

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wata tambaya da ta daɗe tana tasowa a shari'ar teku: idan hukuma ta kama jirgin ruwa, a wuyan wa alhakin kula da shi ya rataya kafin a yanke hukunci? Jirgi ba kamar mota ba ne da za a kulle a bari. Ko yana tsaye sai ya ci mai, sai an ciyar da ma'aikatansa, sannan ruwan gishiri ba ya daina cin ƙarfensa. Daɗin daɗawa, inshorar jiragen ruwa ta yau da kullum ba ta ɗaukar asarar da kamun hukuma ya jawo.

2.0 Daga Konakiri zuwa Legas

A watan Oktoba na 1997 ƙasar Gini ta kama jirgin dakon mai Saiga bisa zargin fasa-ƙwauri, ta kai shi Konakiri, ta kwashe man da ke cikinsa. A 1999 Kotun Duniya ta Dokar Teku da ke Hambug a Jamus ta ce kamun bai halatta ba, ta umarci Gini da ta biya diyyar fiye da dala miliyan 2, ciki har da kuɗin gyaran jirgin da asarar hayarsa.

Abin da ya faru a Nijeriya ya fi wannan muni. A Oktoban 2003 sojojin ruwa suka kama African Pride ɗauke da ɗanyen mai kimanin tan 11,000 da ake zargin na sata ne. Jirgin nan shi ne babbar shaida a shari'ar da ake yi wa matuƙansa, waɗanda yawancinsu 'yan Rasha ne. Amma a watan Agusta na 2004 sai aka wayi gari babu shi a gaɓar Legas, ya yi ɓatan dabo a hannun masu gadinsa. A Janairun 2005 kotun soja ta sami manyan hafsoshi biyu da laifi, aka kore su. A 2011 kuma Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin da aka yi wa ɗayansu, domin ba a kafa kotun sojan bisa ƙa'ida ba.

Abin lura a nan shi ne, an yi ta muhawara a kan wanda za a hukunta, alhali tambayar wanda zai biya ba ta sami irin wannan kulawa ba. Malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da warware irin wannan: mai riƙon ajiya ba ya biya idan ta salwanta, sai fa idan ya yi sakaci ko ya taɓa ta. A ganinmu, hukumar da ta raba mai jirgi da jirginsa da ƙarfin doka ajiya ta karɓa, ba ganima ba. Jirgin dakon mai kuwa ba allura ba ne. Da wuya ya sulale daga hannun soja ba tare da sakaci ba.