Makarantar mishan ta Wusasa da fitarta daga birnin Zariya

Lokacin da mishan ɗin CMS ya tashi daga cikin birnin Zariya ya koma Wusasa a 1929, abin ya yi kama da kora, domin masarauta da Turawan mulki ba sa son wa'azin Kirista a cikin ganuwa. Amma wannan ƙaura ce ta ba makarantar da Dokta Walter Miller ya fara damar tsayawa da ƙafarta. A gindin dutsen Kufena ta samu fili, ga asibiti, ga cocin St Bartholomew da aka gina da jan ƙasa irin ginin Hausawa, sannan Hausa ce harshen gida da na ibada. Yaro kan shiga boko ba tare da ya bar harshensa a bakin ƙofa ba.

Masu suka na cewa manufar dai yaɗa addini ce, kuma 'yan tsiraru kawai ta amfana. Rabin farko gaskiya ne, tsoron da iyaye Musulmi suka ji game da addinin 'ya'yansu ma ba na banza ba ne. Rabi na biyu kuwa bai tsaya ba. Wusasa ce ta haifar da Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko na Arewa, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa tun tana ƙungiyar al'adu, da Farfesa Ishaya Audu da ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966, da Janar Yakubu Gowon. Aikinsu ya shafi Musulmi da Kirista. A zamanin mulkin Gowon ɗin ne gwamnati ta karɓe makarantun mishan, sakandaren St Paul ta Wusasa ta koma Kwalejin Kufena.