Ajiya ko ɓoyo: ƙungiyar masu arshib ta Faransa

A gidanmu in kaka ta ce "ɓoye mini kuɗin nan", ajiya take nufi, gobe za ta ce a kawo. Kalma guda, ma'ana biyu: adanawa da hana gani. Ni ɗalibar ilimin harshe ce, shi ya sa na tsaya a kan kalmar, don a ganina aikin mai kula da arshib, wato tsoffin takardun hukuma, yana tsakanin ma'anonin nan biyu.

Ku dubi Faransa. A 1904 masu wannan sana'a suka kafa ƙungiyarsu, wadda yau ake kira Association des archivistes français, AAF a taƙaice. Tana horar da ma'aikata, tana buga mujalla, La Gazette des archives, tun 1933. Wannan duk aikin cikin gida ne. Abin da ya ja hankalina shi ne ranar da ta tsaya gaban gwamnati.

Dokar 2008 ta ce takardun sirrin tsaro, in sun cika shekara 50, kowa na iya karanta su. Amma wani umurni na gwamnati, IGI 1300, ya ce a'a, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya an cire musu hatimin sirri tukuna. Daga farkon 2020 aka tsananta shi a ma'ajiyar soja ta Vincennes. Takardun da malamai suka riga suka karanta, har suka yi littattafai da su, sai ga su a kulle! Yawancin hayaniyar a kan yaƙin Aljeriya aka yi ta, amma ƙullin ya shafi takardun 1940 zuwa 1970. Ku lissafa da kanku: ƙuri'ar raba gardama ta 1958, ƴancin kanmu na 1960, rikicin Sawaba na 1964, duk suna cikin zangon.

To, ma'aikaci guda ba ya iya ja da wanda ke biyan shi albashi. Ƙungiya tana iyawa. AAF ta haɗa kai da ƙungiyar malaman tarihi da ta Josette da Maurice Audin, suka kai ƙara Conseil d'État. Ranar 2 ga Yuli 2021 kotun ta soke wannan sharaɗi.

Murnar ba ta kai wata guda ba. Ranar 30 ga watan aka fitar da sabuwar doka da ta tsawaita kulle wasu takardun, har da na hukumomin leƙen asiri.