Gidan da muka kusa saya a Tsohon Birnin Sakkwato

 Yau tarihin gida za mu taɓa, kuma da labarin kawuna zan fara.

Kawu ya shekara kusan talatin yana fataucin hatsi tsakanin garinmu Dogon Daji da Sakkwato, kullum yana kan hanyar Shagari da Boɗinga. Bara ya ce ya gaji da kwana a gidan mutane, zai sayi nasa a cikin gari kusa da kasuwa. Dillali ya kai mu wani tsohon gida, zaure biyu, ɗaki tara, rijiya a tsakar gida. Watan Afrilu ne, rana kamar ta dafa mutum, amma da muka shiga zauren sai ka ce an kunna fanka. Katangar ƙasa ce mai kauri, rufin azara. Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka ga gida." Na ce, "Kawu, a bari mu ji na wane ne tukuna."

To me ya sa gidajen cikin birni suke da faɗi haka? Sai mun koma 1809, shekarar da Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato ya kewaye ta da ganuwa. Shehu Usmanu ya taso daga Sifawa ya dawo nan a 1815, ya rasu a 1817, kuma Hubbare a gidansa yake. Malamai da mayaƙa da masu sana'a suka biyo, kowa aka yanka masa wuri shi da jama'arsa. Har yau sunayen unguwanni na ba da shaida: Giɗaɗawa daga Waziri Giɗaɗo ta samo suna, shi ne ya sauki Baturen nan Clapperton a 1824. Mutum a lokacin ba don kansa kaɗai yake gini ba. Yana lissafin mata da 'ya'ya da almajirai da barori da baƙi, ga wurin doki, ga rumbu. Shi ya sa zaure yake gaba, baƙo ya tsaya nan, cikin gida na iyali.

Ga inda matsalar take. Gidan da aka gina wa mutum arba'in, bayan ƙarni biyu magadansa sun wuce a ƙirga da yatsu. Sau da yawa ba a raba gadon ba, kowa dai ya san ɗakin ubansa. A mazhabar Malikiyya kuma akwai abin da ake kira shufu'a: idan ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da rabonsa ga bare, abokin tarayyarsa na da ikon ya biya kuɗin ya karɓe. Wato kana iya biya, ka yi fenti, ka tare, wani ya zo da hujjarsa.

A kan wannan sai dokar gwamnati ta hau. Turawa sun ci Sakkwato a Maris 1903. A 1910 suka yi dokar da ta sa ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon gwamna, gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta ta a 1962. Sai babbar, dokar amfani da ƙasa ta 1978 zamanin Obasanjo, wadda ta damƙa ƙasar kowace jiha ga gwamnanta a matsayin amana. Tun daga nan abin da kake riƙe da shi a birni haƙƙin zama ne, galibi na shekara 99, kuma mayar da shi ga wani na buƙatar amincewar gwamna. Masu tsofaffin gidaje dokar ta bar musu abinsu, amma da yawa ba su taɓa neman takardar mallaka ba. Shaidarsu ita ce mai unguwa da dattawan layi.

Mu koma gidanmu. Na roƙi Kawu kada ya ba da kafin alƙalami sai mun gaida mai unguwa. Dillali ya ɓata rai, ya ce wani Alhaji na nan tafe da kuɗi a hannu. Muka je dai. Tsohon ya saurare mu, ya ce, "Alhaji, mutum shida suka sallama maka. Amma su bakwai ne. Akwai 'yar'uwarsu da aka kai aure Kumasi, ta rasu ta bar 'ya'ya." Babu wanda ya tuntuɓe su.

Kawu bai yi barci ba daren nan. Kuɗin nan guminsa ne na shekara talatin, har da gonar da ya sayar a gida. Da asuba ya ce mini, "Ɗana, ko an ba ni kyauta ba zan kwana kan haƙƙin marayu ba." Ya gaya wa magadan su nemo 'yan'uwansu, a je gaban alƙali a raba, sannan a yi ciniki. Wata takwas ke nan, ana ta waya da Ghana, ba a gama ba. Kawu na nan yana jira, ya ce gidan ya kwanta masa.

Ni abin da ke damuna, samari 'yan'uwana, shi ne yadda irin waɗannan gidaje ke ƙarewa. Rigimar gado ta yi tsawo, damina ta ci katanga, a ƙarshe mai kuɗi ya saye ya rushe ya jera shaguna. Idan gidanku na gado ne, ku zauna da tsofaffi tun suna raye, ku rubuta sunan kowane magaji, har waɗanda ke Kumasi da Legas da Sudan. Idan kuma saye za ku yi, ku fara da ƙofar mai unguwa, ku tambayi wanda ya gina gidan da adadin waɗanda ya bari, sannan ku nemi lauya ya duba muku takardu a ma'aikatar ƙasa.

Idan cinikin Kawu ya faɗa, zan kawo muku labari.