Jan Sosej na Dala 2: Tarihin Abincin Filin Tseren Martinsville

A kudancin jihar Bajiniya ta Amurka, daf da iyakar Karolina ta Arewa, akwai wani filin tseren motoci da ake kira Martinsville. Filin bai da girma. Zagayensa guda mil 0.526 ne, wato kusan mita 850, kuma shi ne mafi gajarta a babbar gasar ƙungiyar tseren motoci ta NASCAR. Sau biyu a shekara, dubban mutane kan cika shi maƙil domin kallon motoci suna gogar juna a kwanoni biyu masu matsi. Amma duk wanda ya je can ya dawo, tambayar farko da abokansa za su yi masa ita ce: hotdog nawa ka ci?

Hotdog ɗin kuwa ba wani abin a zo a gani ba ne. Sosej ne ja jawur, wanda aka rina da kalar abinci, na kamfanin Jesse Jones. A saka shi cikin dogon burodi mai laushi da ya sha tururi, a shafa mastad, a zuba niƙaƙƙen nama mai ɗan barkono, a ɗora yankakken kabeji da albasa, a naɗe da takarda mai santsi. Kafin mai saye ya koma mazauninsa, zafin ya ratsa komai, burodin ya jiƙe, takardar ta yi maiƙo. Loma uku ko huɗu an gama. Farashinsa dala 2.

Mutumin da ya gina filin, H. Clay Earles, ɗan yankin ne, ɗan kasuwa mai gidan mai. Ya ga yadda jama'a ke tururuwa zuwa kallon tseren motocin gida a wasu garuruwan kudu, sai ya share wani fili kusa da ƙauyen Ridgeway, ya shata da'ira a kan jan ƙasa. Ranar Lahadi, 7 ga Satumba, 1947, aka yi tseren farko. Kujeru 750 kacal ya tanada, mutane sama da 6,000 suka zo, da yawansu cikin kayan coci. Motoci na tashi ƙura ta turnuƙe, kowa ya koma gida ja wur kamar an tono shi. Red Byron ne ya ci tseren. A wannan lokacin ba a ma kafa NASCAR ba. Sai a watan Disamba na shekarar Bill France ya tara masu ruwa da tsaki a Daytona, aka yi wa ƙungiyar rajista a 1948. Da aka fara babbar gasarta a 1949, Martinsville na cikin jerin filayen, kuma shi kaɗai ne har yau bai taɓa fita daga jadawalin ba. A 1955 aka shimfiɗa masa kwalta.

Sai an san mutanen da ke cika wannan fili kafin a gane abincinsa. Martinsville da kewayenta garin masana'antu ne. Akwai masu ƙera kujeru da gadaje irin su Bassett, akwai masaƙar Tultex mai yin rigunan sanyi, akwai masana'antar zaren nailan ta DuPont. 'Yan kallon ma'aikata ne da manoman taba, mutanen da ke lissafin kuɗin tikiti tun makonni kafin ranar tsere. Irin wannan magidanci, in ya zo da matarsa da 'ya'ya uku, abin da yake so shi ne abincin da zai ƙosar da su duka ba tare da aljihunsa ya yi kuka ba, wanda kuma za a riƙe da hannu ɗaya, ido na kan motoci. Tun shekarun farkon filin hotdog ya tsaya a wannan gurbi.

Shi kansa abincin baƙo ne a kudu. 'Yan ci-rani daga Jamus ne suka kawo sosej ɗinsu Amurka a ƙarni na 19, aka riƙa sayar da shi cikin burodi a bakin tekun Coney Island na New York, inda Nathan Handwerker ya karya farashi zuwa santi 5 a 1916. Daga nan ya bi filayen wasanni. Mutanen Karolina da kudancin Bajiniya suka ƙara masa kabeji da niƙaƙƙen nama, suka fi son jan, ya zama nasu.

Ba 'yan kallo kaɗai suka kamu ba. A tsakiyar filin akwai rumfar sayarwa da makanikai, direbobi da 'yan jarida ke layi a gabanta tun da sanyin safiya. Makanikai kan saya jaka guda su kai wa abokan aiki, kuma suna da al'adar jan layi da alƙalami a jikin ƙarafan garejin, kowa yana ƙirga nawa ya ci cikin kwanakin gasar. A ƙarshen mako guda ana sayar da dubun-dubata.

Earles ya rasu a 1999. A 2004 iyalinsa suka sayar da filin ga kamfanin International Speedway Corporation, na iyalan Bill France, a kan dala miliyan 192, amma jikansa Clay Campbell ya ci gaba da shugabanci. Sabbin masu kula da abinci suka zo da tsarinsu na manyan filaye: a miƙa wa mutum sosej da burodi, shi ya je ya zuba kayan haɗin da kansa. A takarda, dabara ce mai kyau. A bakin mutane kuwa, kamar mai tsire ne ya miƙo nama tsirara, ya ce ga yaji can, ga albasa can, kowa ya yi ta kansa. Daɗin abin yana cikin naɗin, inda komai ke haɗuwa ya nuna tare. Mutanen gareji suka ɗauki ƙorafi, maganar ta kai kunnen manyan NASCAR, ba a ɗauki lokaci ba aka koma yadda aka saba.

Rigima ta biyu ta fi daɗewa. A 2015 filin ya sauya mai kawo sosej, ya bar Jesse Jones ya koma Valleydale, ɗaya daga cikin kayayyakin kamfanin Smithfield, wanda a lokacin yake ɗaukar nauyin motar nan mai lamba 43 ta ƙungiyar direba Richard Petty. Hukumar filin ta tabbatar wa jama'a cewa launi da kayan haɗi da farashi duk suna nan. Tsofaffin 'yan kallo ba su gamsu ba. Suka ce harshensu ya fi kowace sanarwa sanin gaskiya. A 2018 Jesse Jones ya dawo.

Wani zai ce wannan duk rigima ce a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Amma a duba abin da ya sami garin a waɗancan shekaru. DuPont ta rufe a 1998. Tultex ta durƙushe a 1999, dubban mutane suka rasa aiki. Masana'antun kayan katako suka yi ta raguwa saboda kaya masu arha daga ƙasashen waje. Ita ma NASCAR ta juya fuska zuwa manyan birane, ta bar ƙananan filayen kudu irin su North Wilkesboro, wanda ya rasa tserensa bayan 1996. Mutumin da ya ga masana'antarsa ta zama kango, ya ga filin maƙwabta ya cika da ciyawa, ba zai yi wasa da ɗan abin da ya rage masa yadda mahaifinsa ya san shi ba. Kuma yana da gaskiya. Farashin abinci a filin wasa shi ke nuna wa ake maraba da shi. A gasar Formula 1 ta Miami, a wasu rumfunan masu hannu da shuni, faranti guda kan haura dala 100. A Martinsville, dala 10 na ciyar da mutum biyar.

Akwai wata al'adar da ta girma kafaɗa da kafaɗa da wannan. Tun 1964 wanda ya ci tseren ba kofi ake ba shi ba, dogon agogon katako ne mai tsayuwa a ƙasa, wanda asali masana'antar Ridgeway da ke kusa ke ƙerawa. Fred Lorenzen ne ya fara tafiya da shi, Richard Petty kuwa ya yi nasara sau 15 a filin. Agogon na mutum ɗaya ne a kowane tsere, hotdog kuma na duk wanda ya shigo ƙofa.

Musulmin da hanya ta kai shi can ya yi hattara: irin wannan sosej a Amurka yawanci da naman alade a ciki, don haka ya tambaya kafin ya miƙa kuɗinsa.