KASUWA NA DA MAIGADI, AMMA KWAƊON SHAGO NAKA NE

Jama'a, rubutun nan yana da ɗan tsawo, a daure a karanta har ƙarshe, musamman masu shaguna, masu makarantu da asibitoci masu zaman kansu, da 'yan'uwana ma'aikata da ke riƙe da bayanan mutane.

A yau da wuya ka sami kamfani ko wata sana'a mai motsi da ba ta amfani da manhajar intanet. Wani da ita yake lissafin ciniki, wani biyan albashi, wani kuma a ciki yake ajiye sunayen kwastomominsa, lambobin wayarsu, adireshinsu da abin da suka saya. Bayanan nan ba sa cikin shagonsa, ba sa ma cikin kwamfutarsa. Suna can a rumbun wani kamfani, sau da yawa a wata ƙasa. To, in aka wayi gari an kwashe su, laifin wa? Tarihin shekara 25 da suka wuce ya amsa wannan tambaya fiye da sau ɗaya.

A da can, in kamfani na son manhaja, saye yake yi a faifai, a zo a ɗora masa a kan kwamfutocinsa, a ware ɗaki guda mai sanyi a jera injinan ajiya, a kulle. Mai kaya shi ne mai ɗaki, shi ne mai makulli. A 1999 wani tsohon ma'aikacin kamfanin Oracle mai suna Marc Benioff ya buɗe Salesforce a birnin San Francisco na Amurka, da wata dabara: kada ka sayi manhaja, ka yi hayarta. Ka shiga ta intanet, ka zuba bayanan kwastomominka, ka riƙa biya wata-wata. A 2006 kuma Amazon ya fara ba da hayar wurin ajiya da ƙarfin kwamfuta ga duk mai so. Daga nan aka ɓalle. Wannan tsarin shi ne Turawa suka raɗa wa suna girgije.

Gaskiya tsarin ya kawo sauƙi, ba zan ɓoye ba. Ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da kuɗin ɗaukar ƙwararrun tsaro masu gadi dare da rana, ga matsalar wuta, ga gobara, ga kwamfuta ta mutu da komai a cikinta. Manyan kamfanonin nan sun fi mu iya gina katanga nesa ba kusa ba. Amma akwai wani sharaɗi a cikin yarjejeniyarsu da yawancinmu ba ma karantawa, kawai mu danna amincewa mu wuce. Sharaɗin shi ne an raba alhakin tsaro gida biyu. Su ne da tsaron gini da injina. Kai ne da tsaron wanda zai shiga asusunka, da yadda ka saita shi. Kamar dai mai shago a Kantin Kwari ne: kasuwa na da ƙofa, tana da masu gadi, amma in ka tafi gida ka bar makulli a jikin kwaɗo, ba shugaban kasuwa za ka tuhuma ba.

Darasi na farko mai zafi ya zo a ƙarshen 2013. 'Yan kutse suka shiga Target, ɗaya daga cikin manyan kantunan Amurka, suka kwashe bayanan katin banki kusan miliyan 40, da sunaye da adireshin mutane har miliyan 70. Ta ina suka bi? Ta wani ƙaramin kamfanin kwangila mai kula musu da na'urorin sanyaya wuri. An ba shi kalmar sirrin shiga shafin 'yan kwangila, aka sace ta a wurinsa, aka bi ta nan aka ratsa ciki. Watanni kaɗan bayan haka shugaban kamfanin ya sauka daga kujerarsa.

A 2019 sai ga na bankin Capital One, wanda ya ajiye bayanansa a rumbun Amazon. Wata mata da ta taɓa aiki a Amazon ɗin ta gano cewa bankin bai saita garkuwar shafinsa daidai ba. Ta nan ta zaro bayanan mutane kusan miliyan 106 a Amurka da Kanada, galibinsu waɗanda suka nemi katin bashi. Ku lura da wanda hukuma ta ci tara: bankin ne, dala miliyan 80, ban da dala miliyan 190 da ya amince ya biya kwastomomin da suka kai ƙara. Mai rumbu ya ce katangarsa lafiya lau take, kuma haka ne.

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na 2024, domin shi ya fi kama da halinmu. Akwai wani kamfanin Amurka mai suna Snowflake, an kafa shi a 2012. Aikinsa ajiye wa manyan kamfanoni tarin bayanansu, su riƙa shiga ta intanet suna bincike da lissafi. A tsakiyar 2024 sai aka fara ganin bayanan abokan hulɗarsa ana tallarsu a kasuwar 'yan kutse. Bankin Santander ya sanar an taɓa bayanan kwastomominsa na Sifaniya, Chile da Uruguay, har da na ma'aikatansa. Na Ticketmaster, mai sayar da tikitin wasanni, ɓarayin suka yi iƙirarin suna riƙe da na mutum miliyan 560, suka sa musu farashin dala 500,000. A watan Yuli kamfanin waya na AT&T ya fito ya ce an kwashe rajistar kira da saƙonni na kusan duk masu amfani da layinsa, na wata shida a 2022. Ba a ji abin da aka faɗa a wayar ba, amma an san lambar da ta kira wata, da sau nawa. Ka yi tunanin irin wannan a hannun mai neman ɓata ka.

Da farko kowa ya ɗauka an fasa Snowflake ne. Sai kamfanin binciken tsaro na Mandiant, mallakar Google, ya fitar da rahoto a watan Yuni. Ya ce an sanar da kamfanoni da ƙungiyoyi kusan 165 cewa mai yiwuwa abin ya shafe su, kuma bai ga alamar an fasa rumbun kansa ba. Ɓarayin ta ƙofa suka shiga, da suna da kalmar sirri na gaskiya, kamar masu gida.

Ina suka samu? Akwai wata muguwar manhaja da ke laɓewa a kwamfuta ta kwashe duk kalmomin sirrin da aka adana a ciki ta aika wa mai ita, shi kuma ya sayar. Rahoton ya nuna wasu kwamfutocin da ta kama na 'yan kwangila ne, waɗanda ke aikin ofis da su, su kuma yi wasanni da sauke manhajojin sata a kansu. Abubuwa uku suka haɗu suka ba ɓarayi sa'a. Na ɗaya, asusun da aka shiga ba su da tantancewa mataki biyu, wato irin lambar nan da ake turo maka a waya bayan ka sa kalmar sirri. Na biyu, wasu kalmomin sirrin tun 2020 aka sace su, amma shekara huɗu ba wanda ya canza. Na uku, ba a taƙaita wuraren da za a iya shiga asusun daga gare su ba, ko daga ina mutum yake a duniya ƙofa a buɗe take. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wallahi babu wata ƙwarewa ta a zo a gani a wannan satar.

Ba wai na wanke Snowflake tas ba ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kamfanin da ke riƙe da bayanan ɗaruruwan miliyoyin mutane bai kamata ya bar mataki biyu a matsayin ganin dama ba. Shi ma ya gane haka, domin daga baya ya mayar da shi tsarin farko ga sababbin asusu, ya kuma sanar da shirin daina karɓar kalmar sirri ita kaɗai. A watan Oktoba na shekarar aka kama wani matashi a Kanada bisa zargin hannu a lamarin. Amma bayanan da suka fita sun fita. Kuɗi in an sace ana iya mayarwa, kati ana iya toshewa, amma ranar haihuwarka da sunan mahaifiyarka ba ka da wasu.

Doka ma ta bi sawun wannan tarihi. Tarayyar Turai ta fara aiki da babbar dokarta ta kare bayanai a watan Mayun 2018, wadda ta tilasta sanar da hukuma cikin awa 72, da tarar da kan kai kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani na shekara. A nan Nijeriya hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idoji a 2019, sannan a watan Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai, wadda ta kafa hukumar NDPC. Ita ma ta ce awa 72. Tara ga manyan masu riƙe da bayanai tana kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Kuma a idon dokar, kai da ka karɓi bayanan daga hannun mutane ba ka fita daga alhaki don ka miƙa su ga wani kamfani ya ajiye maka.

Abin da ya sa na damu shi ne abin da idona ke gani a wuraren aiki. Na ga ofishin da aka rubuta kalmar sirri a 'yar takarda aka manna a jikin kwamfuta. Na ga asusu ɗaya mutum biyar na shiga da shi, in an yi ɓarna ba a san wa ya yi ba. Na ga ma'aikaci ya yi ritaya, ko an canza masa wurin aiki, amma asusunsa na nan da rai. Na ga an tura jerin sunayen mutane da lambobin BVN da NIN ɗinsu a zauren WhatsApp don a yi saurin aiki. Sannan mu zo muna mamakin yadda ɗan damfara ya kira baba ko inna da cikakken sunansu, ya faɗi bankinsu, ya ce daga hedikwata yake. A ina kuke zaton ya samu?

Maganin ba shi da tsada. Kunna mataki biyu a kan kowane asusu, kyauta ne a yawancin manhajoji. Kowane ma'aikaci da asusunsa, kuma a ba shi iya abin da aikinsa ke buƙata. Ranar da ya bar aiki a rufe, kada a ce sai Litinin. Kwamfutar aiki ba ta yara ba ce, ba ta sauke finafinai ba ce. Abin da ba ka buƙata daga kwastoma kada ka karɓa, wanda ka gama da shi ka goge. Kafin ka biya wa wata manhaja kuɗi ka tambaye su a ina suke ajiye bayanan, kuma cikin awa nawa za su sanar da kai in wani abu ya faru.

Wanda ya ba ka lambar wayarsa da adireshin gidansa amana ya ba ka, kuma kai ya sani, bai san wani kamfani a Amurka ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mai sana'a da ya karanta wannan, don Allah ya duba asusunsa yau.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya tsare mu daga sharrin masu sharri. Amin.