Tarihin Mashayar Jamusawa a Santambul

A dandalin Sultan Ahmed da ke birnin Santambul, inda Rumawa suka riƙa tseren kekunan dawaki a zamanin da, akwai wata mashayar ruwa mai ƙubba da ginshiƙai takwas. Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu ne ya ba da ita kyauta ga Sultan Abdulhamid na Biyu domin tunawa da ziyarar da ya kai masa a 1898. A Jamus aka ƙera sassanta, aka harhaɗa su a dandalin, kana aka buɗe ta ranar 27 ga Janairun 1901.

Kyautar dai ba ta banza ba ce. A lokacin Jamusawa na zawarcin kwangilar shimfiɗa layin dogo zuwa Bagadaza, wadda daular Usmaniyya ta ba su a 1903.