Mi ka gani daren jiya? Ɗan tarihin mafarki a ƙasarmu

Duk hutun da na koma Maraɗi, tambayar da kakata ke tarbona da ita da safe ke nan: "Maigida, mi ka gani daren jiya?" Ba ta cewa wane mafarki ka yi. Tun ina lakwal ƙarama nake jin ta haka, amma ban taɓa kula ba sai da na shiga sashen nazarin harshe a Yamai, inda aka koya mana sauraren yadda mutum ke gina jimlarsa. Ni ina cewa na yi mafarki, kamar aikin da na yi da hannuna. Ita kuwa gani take cewa, wani lokaci ma "an gwada mini", wato akwai mai nunawa.

A gidanmu akwai wani mafarki da kowa ya haddace. An ce kafin ambaliyar 1945, wadda ta cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin fadamar Gulbi har aka mai da gari bisa tudu inda yake yanzu, mahaifiyar kakata ta yi kwana uku a jere tana ganin ruwa ya shigo ɗakinta ya ɗauke turmi. Ta gaya wa mijinta, ya gaya wa malam, aka yi sadakar masa, ita kuma ta kwashe ƴan kayanta ta kai wurin dangi. A hutun bara na ce da kaka: "Ke kin ji ta faɗi mafarkin nan kafin ruwa ya zo, ko bayan ya zo?" Ta dube ni ta ce: "Kai dai ka cika tambaya kamar jandarma. Ina ɗiya ƙarama sa'annan. Haka na tashi na iske ana hwaɗi." Mun yi dariya, amma tambayar ta biyo ni har Yamai, ita ce kuma ta sa na rubuta wannan. Mafarki abu ne da mutum ɗaya tak ya shaida. Duk abin da sauran jama'a suka sani game da shi, ta bakinsa ya fito, a cikin wani harshe, a wata rana, ga wani mai saurare. Tarihin mafarki tarihin wannan faɗar ne.

Bari in fara da kalmomi. Hausa tana da kalma ɗaya, mafarki, tana ɗaukar na daɗi da na tsoro, har da wanda ake gane balagar yaro da shi idan aka ce ya fara mafarki. Tsofaffi sun bayyana shi da kurwa: mutum na kwance, kurwarsa ta fita yawo, abin da ta gamu da shi a hanya shi ne mafarki. Shi ya sa har gobe ake hana tada mai barci da ƙarfi, kuma shi ya sa ake tsoron maye, tunda kurwa yake kamawa. A ƙauyukan Anna na kewayen Maraɗi da wurin ƴan bori, mafarki ƙofa ce da iskoki ke bi su nemi abu ga mutum, ko su nuna wa mai magani saiwar da zai tono. Wannan ilimi a ka yake, daga tsoho zuwa yaro. Waɗanda suka fara zuba shi a takarda da yawa baƙi ne, irin su Tremearne da ya buga littafinsa kan bori a 1914, da Guy Nicolas da ya daɗe yana bincike a kwarin Maraɗi, kuma da Ingilishi da Faransanci suka rubuta.

Musulunci ya zo da tsari. Larabci ya raba abin da Hausa ta haɗa: akwai ru'uya, mafarkin gaskiya daga Allah, akwai hulmu daga Shaiɗan, akwai kuma zancen zuci, abin da mutum ya wuni yana saƙawa ya biyo shi shimfiɗa. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san Annabi Yusuf da shanu bakwai masu ƙiba da bakwai ramammu, da yadda fassarar mafarkin sarki ta zama tsarin tara hatsi na shekara bakwai. Kiran sallar da muke ji sau biyar kullum, sahabi Abdullahi ɗan Zaidu ne ya ji kalmominsa a mafarki, Annabi (SAW) ya tabbatar. Hadisi ya kuma koyar da ladabi: mai kyau a faɗa wa masoyi kawai, mummuna a yi tofi hagu sau uku, a nemi tsari, a juya kwanciya, kada a faɗa wa kowa. Ku lura, yawancin wannan ladabin a kan baki yake, wa za a gaya wa, wa ba za a gaya wa ba.

Tare da addini littattafai suka shigo. Sunan da kowa ya sani shi ne Ibn Sirin, malamin Basra da ya rasu a shekara ta 110 bayan hijira. Masu bincike sun nuna babban littafin da ke yawo da sunansa an harhaɗa shi ne ƙarnoni bayan rasuwarsa, aka jingina masa saboda shaharar da ya yi a wannan fanni. Akwai kuma na Abdulgani Nabulusi, mutumin Dimashƙa da ya rasu a 1731, wanda ya jera abubuwan da ake gani bi da bi kamar ƙamus. Ƴan littattafan fassarar mafarki na Hausa da ake shimfiɗawa a bakin masallatan Juma'a daga wannan rijiya suke ɗiba. Na sayi ɗaya dala ɗari, na kuma karanta shi da idon ɗalibin harshe.

Ga abin da na gani. Ɗaya daga cikin hanyoyin da malaman Larabawa ke bi ita ce ta sunan abin da aka gani. A wani hadisi na Sahihu Muslim, Annabi (SAW) ya ga kamar ana gidan Uƙuba ɗan Rafi'u, aka kawo wani irin dabino da ake kira Ibn Ɗab. Ya fassara shi daga sunayen: Rafi'u ɗaukaka, Uƙuba kyakkyawar aƙiba, Ɗab kuwa addini ya yi kyau. Haka littattafan ke cewa wanda ya ga ɗan itacen da ake kira safarjal zai yi tafiya, don akwai safar a farkon sunan. Wannan hikima ce babba, amma a cikin Larabci take zaune. Idan aka juyo ta Hausa sai gadar ta karye, mai karatu ya ga an ce kaza na nufin kaza, ba dalili, sai ya haddace. Manomin Tasawa ko na Madawa bai taɓa ganin safarjal ba, a farke ko a barci. Abin da yake gani shi ne gero da rumbu da fari da rijiya. Abin mamaki, kakata da ba ta san bihim ba ta fi ɗan littafina bin hanyar malaman. In ka ce ka ga aduwa, sai ta ce ka yi hattara da adawa. In ka ce tsamiya, sai ta ce ka wuce ta gidan masu abu, a yi sadaka. Daga harshenta da dajinta take ɗauko ma'ana. Ba banza ba Hausa ta yi amfani da kalma ɗaya, fassara, ga mafarki da kuma juya magana daga wani harshe zuwa wani.

Yanzu ga mafarkin da ya fi kowane taɓa garuruwanmu. An haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754 a Maratta, cikin ƙasar Gobir, wurin da ke cikin Nijar a yau, ya kuma je Agadas neman ilimi wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. A ɗan littafinsa na wuridi ya ba da labarin cewa da ya kai shekara arba'in da wata biyar da ƴan kwanaki, wato wajen 1794, an kai shi gaban Annabi (SAW) da sahabbai da waliyyai. Shehu Abdulƙadir Jilani ya kawo koriyar riga da rawani, aka naɗa shi, aka kuma rataya masa takobin gaskiya don ya zare shi a kan maƙiyan Allah. Littattafan boko sukan kira wannan mafarki, mutanen ɗariƙa kuwa kashafi suke cewa, yayewar labule. Zaɓen kalmar kaɗai ya isa ya nuna maka inda mai magana ya tsaya.

Bayan wannan gani ba a fita yaƙi washegari ba. Shekara goma aka yi ana wa'azi ana ja-in-ja da fadar Alƙalawa. Sarkin Gobir Nafata ya hana rawani da lulluɓi, ya hana wanda bai gaji Musulunci ba ya shiga. A zamanin Yunfa abin ya ɓaci, Shehu ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, aka gwabza a Tabkin Kwatto a watan Yunin shekarar. Katsina ta faɗi a 1807, Alƙalawa a 1808. Gidan sarautar Katsina ya yo arewa, Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsa a Maraɗi. Gobirawa kuma, bayan kashin da suka sha a Gawakuke a 1836, suka kafa Tsibiri kusa da mu. Ba na cewa gani ɗaya ne ya haddasa duk wannan. Akwai jangali da zaluncin fada da bautar da Musulmi da rikicin makiyaya, Shehu da kansa ya rubuta a kan waɗannan. Amma jama'ar da za ta bar gida ta fuskanci dawakin Gobir tana bukatar ta san jagoranta yana da izni, labarin takobin kuwa shi ya ba da wannan tabbaci. Ni da nake rubutun nan, jikan waɗanda takobin ya koro ne, kuma ina salla da littattafan wanda aka rataya wa shi. Da yawanmu a Maraɗi da Tsibiri haka muke.

Masanin tarihi ba ya iya shiga daren wani ya duba. Abin da yake iyawa shi ne tambayar jandarma da kaka ta yi mini gori a kai: yaushe aka faɗa, wa aka faɗa wa, da wane harshe, me faɗar ta jawo? Na Shehu ya iso gare mu da shekarunsa da watanninsa saboda ya rubuta shi da kansa, almajirai suka yi ta kwafa. Duk da haka dubi tafiyar da ya yi. Shehu Bafulatani ne, ya rubuta da Larabci, masu wa'azi suka ba da labarin da Hausa, ni kuma na fara cin karo da shi a aji da Faransanci. Fadar Gobir ita ma tana da malamanta da bokayenta, tana da Inna mai riƙe da bori, su ma suna barci suna gani. Nasu ya bi hanyar da na mahaifiyar kakata ya bi, baki da kunne, inda kwanan wata ke fara zubewa.

Akwai dalilin da ya sa kwanan watan ke da muhimmanci. A 1953, a Jami'ar Chicago ta Amurka, Aserinsky da Kleitman suka gano wani mataki na barci da idon mutum ke motsi da sauri a ƙarƙashin fatarsa. Wanda aka tada a wannan mataki yakan ba da labarin mafarki, kuma matakin ya fi tsawo gab da asuba. Bayan farkawa kuwa mafarki ba ya daɗewa, kafin ka gama alwala rabinsa ya tafi. Abin da ya saura sai ka jera shi, ka sa masa farko da ƙarshe, ka cike gurbi da "sai kuma". Kowace maimaitawa tana ƙara gyara shi, in wani abu ya auku daga baya sai labarin ya karkata wajensa ba tare da mai faɗar ya yi niyyar ƙarya ba. An ruwaito Annabi (SAW) yakan tambayi sahabbai bayan sallar asuba ko wani ya ga mafarki. Kaka ma da sassafe take tambaya, kafin a ɗora koko. Lokacin da ya dace ke nan.

Saboda haka na sayi kaye na ajiye don wannan aiki. A hutun da ya wuce na zauna da kaka kwana goma sha ɗaya, na rubuta abin da take cewa game da kowane gani: haƙori ya faɗi, ɗanyen nama, maciji a ɗaki, hawan raƙumi, mamaci ya miƙo maka abinci. Na rubuta yadda ta furta, da hw ɗinta da mi ɗinta, ban mai da shi Kananci ba, don na ga abin da gyara ya yi wa safarjal. Wasu ta ce daga uwarta ta ji, wasu daga malamin unguwa, na sa alama a gefen kowane. Sau biyu ta tsaya tsakiyar magana ta ce ya ɓace mata, wadda ta sani ta rasu.

Ƴan'uwa ɗalibai na Damagaram da Tawa da Dogon Dutsi da Ƙonni, ga roƙona. In kun je hutu, ku zauna da tsohuwa ko tsoho ɗaya. Ku rubuta rana, ku rubuta garin, ku bar karin harshen yadda yake. In mafarki sabo ne, ku rubuta shi kafin a ga abin da zai biyo baya, ku kuma rubuta wanda ya fassara da abin da ya ce. Wanda mai shi ya ce sirri ne, ku bar masa abinsa. In muka haɗa kayayyakinmu a fitowa ta gaba, za mu ga ko aduwar Maraɗi ita ce aduwar Adar.

Ranar da zan komo Yamai, kaka ta ga ina sa kayen cikin jaka. Ta ce: "To maigida, tunda ka zama mai rubutu, rubuta wanga. Daren jiya na ga uwata tana daka a tsohon gari, turmin nan kuwa yana nan." Na zauna bakin gado na rubuta, na sa kwanan wata a sama.